Taurarin Indiya Na Da: Wa Ya Ci Guminsu?



Duk wanda ya yi wayo a Kano a shekarun 1960 da 1970, ya taɓa bin layin tikiti a Plaza ko Orion ko El Dorado, ba sai an gabatar masa da fim ɗin Mother India ba. Kwarorin da ke da gidajen silima ne suka fara shigo da finafinan Indiya, suka tarar kasuwar ta fi ƙarfin zatonsu. Mutanenmu ba sa jin Indiyanci, amma sun haddace waƙoƙin, sun san daidai wurin da za a yi faɗa da wurin da za a yi kuka. Mata kuwa, da yake shiga silima abin kunya ne ga 'yar mutunci a wancan zamani, sai daga baya finafinan suka same su har cikin ɗaki, ta talabijin da kaset ɗin bidiyo.

A cikin Mother India, wanda Mehboob Khan ya fitar a 1957, akwai Radha, matar manomi da bashin mai ba da kuɗi da ruwa ya dabaibaye. Dutse ya danne hannuwan mijinta, kunya ta kore shi daga gida, ambaliya ta cinye amfanin gona. Ku tuna ta da garma a kafaɗa, taɓo har fuska, tana jan abin da sa ya kamata ya ja, 'ya'yanta ƙanana na turawa daga baya. A ƙarshe ita da hannunta ta harbe ɗanta Birju, saboda ya sace 'yar mutane. Wadda ta fito a Radha ita ce Nargis. Shekarunta 28 a lokacin, kuma mazan nan biyu da suka fito a matsayin 'ya'yanta, Sunil Dutt da Rajendra Kumar, sa'o'inta ne.

Mun san fuskar Nargis, mun san ta Madhubala da ta Meena Kumari. Abin da bai iso gare mu tare da finafinan ba shi ne yadda suka rayu, kuma a kan wannan nake so mu tsaya yau.

Su ukun nan duk da sunayen Musulunci aka raɗa musu. Nargis ita ce Fatima Rashid, an haife ta a Kalkata a 1929. Madhubala ita ce Mumtaz Jehan, an haife ta a Delhi a 1933. Meena Kumari ita ce Mahjabeen Bano, ita ma 1933, a Bombay. Sauya suna ruwan dare ne a masana'antar a lokacin, don ko Dilip Kumar sunansa na yanka Yusuf Khan. Kuma su ukun duk tun suna yara aka tsayar da su gaban kyamara.

Dalilin haka yana da tushe. A 1913, da Dadasaheb Phalke zai yi fim ɗinsa Raja Harishchandra, bai sami macen da za ta yarda ta fito ba, dole namiji ya ɗaura zane ya fito a matar sarki. Haka al'ummar Indiya ta ɗauki sana'ar, aikin marasa mutunci. Ko da aka fara samun mata, da yawansu daga gidajen mawaƙa suka fito, ko daga gidajen da talauci ya ci ƙarfinsu. Uwar Nargis, Jaddanbai, shahararriyar mawaƙiya ce da ta koma shirya fim, ita ta sa 'yarta a fim a 1935, tana 'yar shekara shida. Ta Nargis da sauƙi ke nan, domin gidansu ba ya cikin yunwa. Sauran biyun kuwa, in za mu faɗi gaskiya, 'yan talla ne. Yadda ake ɗora wa yarinya faranti a ka da sassafe, a ce kada ta dawo sai ya ƙare don da cinikin za a ɗora tukunya, haka aka ɗora musu, sai dai hajarsu fuska ce da hawaye.

Mahaifin Madhubala, Ataullah Khan, ya rasa aikinsa a kamfanin taba, ga 'ya'ya rututu. Ya kwaso iyali zuwa Bombay yana yawo da yarinyar ofis-ofis na masu fim. A 1942 ta fito a Basant tana 'yar shekara tara, daga nan cin gidan da suturarsa suka koma wuyanta. Tana da 14 ta zama jaruma tare da Raj Kapoor a Neel Kamal, a 1949 kuma Mahal ya sa sunanta ya cika Indiya. Mahaifin shi ke karɓar kuɗi, shi ke sa hannu a yarjejeniya, shi ke yanke inda za ta je da wanda za ta gani.

Ashe da ciwo aka haife ta. Akwai huda a bangon da ya raba ɓangarori biyu na zuciyarta, lalurar da a yau likitoci ke ɗinke wa jarirai su tashi lafiya lau, amma a zamaninta ba ta sami wannan gatan ba. A 1954 tana aiki a Madras ta yi aman jini. Aka yi shiru da maganar, aka ci gaba da aiki, don in masu zuba jari suka ji jaruma ba ta da lafiya, kasuwarta ta mutu, kuma da kasuwarta gida ke ci. Da wannan zuciyar ta yi Mughal-e-Azam na K. Asif, inda ta fito a Anarkali, baiwar da ɗan sarki Salim ya so har ya yi wa mahaifinsa Akbar tawaye. A wuraren da aka nuna ta a kurkuku, sarƙoƙin ƙarfe na gaske aka rataya mata, masu nauyi, tana jan su tana waƙa. Wanda ya ga yadda take tangaɗi a wurin zai ce kai, wannan ta iya wasa. Ta iya ɗin, babu shakka, amma har da jikin da ke neman gazawa. Fim ɗin ya fito a 1960, kuma sai da aka shekara 15 kafin Sholay ya zarce shi a ciniki.

Ga kuma maganar Dilip Kumar, wanda ya fito a Salim. Soyayyarsu ba ɓoyayyiya ba ce. Abin da ya raba su shari'a ce a kan fim ɗin Naya Daur: mahaifinta ya hana ta bin 'yan fim zuwa wajen gari ɗaukar hoto, mai fim ɗin B. R. Chopra ya kai ƙara kotu, Dilip Kumar ya tsaya ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. Aka ba Vyjayanthimala gurbinta. Duk wanda ya duba rikicin zai ga maza uku ne ke jayayya, uba da masoyi da mai kuɗi, ita kuma da ake yi dominta ba a ji ta bakinta ba. Ta auri mawaƙi Kishore Kumar a 1960, suka je Landan ganin likita, likitoci suka ce aikin tiyata ba zai yiwu ba. Mafi yawan shekarun da suka rage mata a kwance ta yi su. Ta rasu ranar 23 ga Fabrairu 1969, kwana tara bayan ta cika 36.

Meena Kumari ita ma mahaifinta, Ali Bux, shi ya kai ta wurin masu fim tana 'yar ƙanƙanuwa, fim ɗinta na farko ya fito a 1939. Makaranta ba ta samu yadda ya kamata ba, amma ta koyar da kanta har ta zama mai rubuta waƙoƙi da Urdanci. A cikin shekara 33 ta yi finafinai sama da 90. Da aka ƙirƙiro kyautar Filmfare, ita ce mace ta farko da ta lashe ta gwarzuwar jaruma a 1954, saboda Baiju Bawra. A 1963 kuwa gurabe uku aka ware na 'yan takara, duk ukun sunanta ne a kai, a finafinai uku daban-daban. Ɗaya daga ciki shi ne Sahib Bibi Aur Ghulam, inda ta fito a matar wani attajiri da ke kwana a gidajen rawa, ita kuma don ta riƙe shi a gida ta koyi shan giya, giyar ta hallaka ta.

Abin tausayi, rayuwarta ta bi sawun fim ɗin. Ta auri darakta Kamal Amrohi a 1952, zaman bai yi daɗi ba, suka rabu a 1964. Rashin barci da kaɗaici suka kai ta ga kwalba, kwalba ta cinye mata hanta. Ba ina wanke shan giya ba ne, haramun ne kuma guba ce. Amma ina tambaya, duk taron mutanen da ke ci a jikinta, masu shirya fim da dangi da 'yan koren, ina suke lokacin da take nitsewa? Masana'antar ta yi mata laƙabi da sarauniyar baƙin ciki, ta ga kukanta na kawo kuɗi, ta yi ta ba ta matsayin mai kuka.

Fim ɗin Pakeezah, wanda Amrohi ya soma da ita tun shekarun 1950, ya tsaya cak da rabuwarsu, sai a 1969 aka koma kansa. Lokacin jikinta ya riga ya tafi. Ba ta iya rawa, don haka a waƙar ƙarshe wata 'yar wasa mai suna Padma Khanna ce ta yi rawar fuskarta a lulluɓe, ana yanko fuskar Meena Kumari daga kusa ana haɗawa. Fim ɗin ya fito a Fabrairun 1972, ita kuma ta cika ranar 31 ga Maris, tana da shekara 38. Da labarin mutuwarta ya bazu sai jama'a suka yi ta tururuwa zuwa silima, fim ɗin ya yi cinikin da bai yi ba tana raye.

Nargis ce ta tsira daga irin wannan ƙarshe, kuma hanyar tsirarta abin lura ce. Ana cikin ɗaukar Mother India wuta ta ƙwace a inda aka cinna wa tarin ciyawa, ta rutsa da ita, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. A 1958 suka yi aure, a shekarar da fim ɗin ya shiga takarar Oscar. Tana kan ganiyarta ta janye daga fim, ta koma renon 'ya'ya da hidimar yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da gaɓɓai, har aka naɗa ta majalisar dattawan Indiya a 1980. Ciwon daji ya ɗauke ta a watan Mayun 1981, kwanaki kaɗan kafin fitowar fim ɗin farko na ɗanta Sanjay Dutt, wanda samarin Kano suka yi wa laƙabi da Ɗan Daba Mai Lasin. Na yi mata murna da ta sami miji na gari. Sai dai yana damuna a ce mace mai baiwa irin wannan, sai ta ajiye baiwar tukuna ta sami kwanciyar hankali.

Masu sauraro, masana'antarmu ta Kannywood daga finafinan nan ta ɗebo rawa da waƙa da salon labarin soyayya, wannan kowa ya sani. Ina tsoron har da wancan ɗayan gadon muka ɗebo. Muna kallon 'yan matan fim da daddare, da safe mu zage su a majalisa. Yarinya na tashe, gida da dangi na ci, ranar da tauraronta ya dusashe sai ka neme su ka rasa. Sau nawa muka ji ana neman taimako a rediyo da Facebook don kai wata tsohuwar 'yar wasa asibiti? A 2022 tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubbai ƙalilan ake ba ta a fim, wasu furodusoshi suka fito suka musanta, aka yi ta cacar baki. Da akwai yarjejeniya a rubuce, da takarda ce za ta raba gardamar a rana ɗaya. Abin da nake kira gare shi ke nan: a rubuta abin da za a biya kafin a kunna kyamara, ƙungiyoyin 'yan fim su kafa asusun jinya da na tsufa da ake zuba wa kuɗi daga kowane fim, yaron da aka sa a fim kuma a ajiye masa wani kaso da sunansa, kada makarantarsa ta tsaya.

Kuma ko a zamanin su Nargis akwai wadda ta nuna ana iya tsayawa da ƙafa. Waheeda Rehman, 'yar wani ma'aikacin gwamnati daga kudancin Indiya, da mai shirya fim Guru Dutt ya kawo ta Bombay don fim ɗin C.I.D. na 1956, an nemi ta sauya suna kamar sauran, ta ce sunan da iyayenta suka raɗa mata shi za ta ci gaba da amsawa. Ta kuma sa aka rubuta a yarjejeniyarta cewa ba za a tilasta mata sa tufafin da ranta bai kwanta da su ba, alhali ko shekara 20 ba ta kai ba. Da wannan suna ta yi Pyaasa da Guide, ta yi aure, ta dawo ta fito a uwa da kaka, kuma a 2023 gwamnatin Indiya ta miƙa mata lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim a ƙasar, tana da shekara 85.