Megafiksel 48 a jikin kwali, hazo a cikin hoto

Yau ba batun farashin dankali na taho da shi ba. Batun wasu 'yan ƙananan kyamarori ne na sakawa aljihu da sunka fara shigo muna, kuma ina faɗi tun daga farko: mafi yawansu cuta ce aka naɗe cikin kwali mai ƙyalli.

Ga abin da ya tunzura ni. Ɗan yayana ya samu rabonshi na dankalin bana, ya hau mota ya tafi Yamai, ya dawo da kyamara sabuwa fil, jika talatin. Niyyarshi mai kyau ce, shina son ya riƙa ɗaukar hotunan suna da biki ya samu na sabulu lokacin da aikin garka ya ƙare. A jikin kwalin an rubuta megafiksel 48, an rubuta 4K, an rubuta zum 16. Sunan kamfanin kuwa, ban taɓa jin shi ba, ku ma ba ku taɓa ji ba. Aikinshi na farko sunan ɗiyar maƙwabcinmu ne. A ɗan gilashin bayan kyamarar komai lafiya lau. Da munka ɗora hotunan a kwamfuta, sai ga fuskoki kamar an shafa su da kunu, fararen riguna sun ƙone ƙurmus, liman ya ɗaga hannu hannun ya zama uku. Uban jaririya bai ce komai ba, ya dai yi shiru. Suna sau ɗaya ake yin shi, wa zai sake tara maka mutane?

To mi ya faru? Bari in yi bayani yadda kowa zai gane, don masu sayarwa sun dogara ne ga rashin saninmu.

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da ke tarbar haske, ana ce mishi sansa. Shi ne gonar, fiksel kuwa su ne ramukan shuka. Manomin Dallol Bosso bai buƙatar a koya mishi cewa idan ka cusa iri da yawa a ƙaramin fili, dankalin da za ka tono ƙanana ne. A yawancin kyamarorin aljihu na kamfanonin kirki, faɗin farantin nan wajen milimita 6 ne da 'yan kai, tsayinshi 4 da rabi. Bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. A irin waɗanga marasa suna sau da yawa ya fi haka ƙanƙanta, kuma lambar 48 ɗin ma ba ta gaskiya ba ce: ƙaramin hoto na'urar ke ɗauka, sannan ta buɗa shi ta cike giɓin da ƙiyasi. Kamar mai nono ce ta ƙara ruwa, ƙwarya ta cika amma nonon bai ƙaru ba. Haka zum ɗin. Zum na gaskiya shi ne wanda za ka ga gilashin gaba ya fito ya koma, shina jawo abin da ke nesa. Nasu kuwa yanke tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Ko wayarka tana yin wannan kyauta.

Kuma wai megafiksel nawa muke buƙata? Hoton da ake wankewa a saka a albom, mai santimita 10 da 15, megafiksel 2 da ɗan ɗori sun ishe shi ya fito tas. Hoton katin ɗan ƙasa ko na takardun lakkwal bai cin ko rabin megafiksel. Wanda za ka tura ta WhatsApp kuwa, shi da kanshi zai matse shi kafin ya isa. Lokacin da Canon ta fitar da Digital IXUS ta farko a shekarar 2000, megafiksel 2 gare ta, kuma mutane sun wanke hotunan aurensu da ita. A 2012 da Sony ta so ta gyara kyamarar aljihu da gaske, da RX100, farantin ta faɗaɗa zuwa milimita 13 da 9 ko kusa da haka, wajen ninki huɗu na wanda aka saba. Masu abin sun san inda kyawun hoto yake.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce malam, kai dai ba ka son yara su samu sana'a. Wallahi don ina son su samu ne nake wannan faɗa. Yaron da ya ɓata sunan mutum ɗaya a garinmu, an gama kiran shi, labari ya riga shi isa kasuwa. Wasu kuma za su ce ai yayi ne, har a Amurka da Turai matasa sun koma ga waɗanga kyamarori. Gaskiya ne, TikTok ya tada su, har tsofaffin da aka jefar a akwati sun yi tsada. Amma ku lura, su dushi-dushin suke so. Wanda ke da babbar waya a aljihu, ya ƙoshi da hoto mai kyau, shi ne ke marmarin hazo don nishaɗi. Mu da ke ɗaukar hoton tsohuwarmu don jikoki su san fuskarta, ina ruwanmu da hazo?

Ku san kuma dalilin da ya sa 'yan cuwa-cuwa sunka samu fili. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori fiye da miliyan 120 a shekara guda. Zuwa 2023 abin bai kai miliyan 8 ba, waya ta cinye kasuwar. Casio, wadda ta yi suna tun 1995 da QV-10 mai gilashin kallo a baya, ta bar yin kyamarar aljihu a 2018. Manya sun janye daga masu araha, sai marasa suna sunka shigo da manyan lambobi.

Yanzu bar batun lamba, mu zo ga ƙasarmu, don ko ta gasken ma sai an yi hattara. Takardar yawancinsu cewa take a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. Wa zai gaya wa watan Afrilu na Filinge haka? Ga ƙurar hunturu, wadda in ta shiga tsakanin zobban gilashin da ke fitowa, sai ya maƙale, ba gaba ba baya, kuma mai gyara sai Yamai in ma an dace. Da tsakar rana ba ka ganin komai a gilashin baya, sai ka ɗauka da tawakkali. Filashi bai wuce mita uku zuwa huɗu, saboda haka wanda ya tsaya bakin zaure da dare shina haska taron biki, batir kawai yake kashewa. Babban abin da ke ba ni haushi shi ne fatarmu. Baƙin mutum cikin farar shadda a rana, kyamara ta ruɗe, ta bi rigar ta bar fuskar a duhu. Ta kirki tana da maɓalli mai alamar ƙari da ragi da za ka gyara haske, ko ka kunna filashi da rana ya cike fuskar. Mafi sauƙi, ka ja mutum inuwar bedi. Ta ɗan yayana maɓallin na nan, amma ko ka danna babu abin kirki da ke sauyawa.

Sannan ga manoma. Da yawa cikinmu suna tura hoton ganyen da ya kamu ga malaman gona, har da na RECA a Yamai da ke amsa tambayoyi ta WhatsApp. Malami na son ya ga tabon, ya ga ƙwaron. Kyamarar gaske tana da alamar fure, in ka danna ta kana iya matsawa dab da ganye. Wagga kuwa da ka matso komai ya narke. In malami ya kasa gane ciwon, ka sayi maganin da ba shi ba, asarar ta wuce jika talatin. Kuma kafin hoton ya je wayarka sai ka cire kati ka nemi abin karanta shi. A nan kam wayar da ke hannunka ta fi ta, nesa ba kusa ba.

Ba cewa nake kyamarar aljihu ba ta da amfani ba. Tsohuwar Canon, Nikon, Sony ko Panasonic mai megafiksel 10 ko 12 da zum na gaskiya, tana kamo raƙumi daga wancan gefen kasuwar Baleyara, abin da ƙaramar waya ba ta iyawa. Da yawa cikin irin su PowerShot A da Coolpix L ma da batirin rediyo ƙanana suke aiki, abin da ya dace da ƙauyen da babu wuta, sai dai a nemi masu caji, don na tebur ba su jimawa. In za ka saya, ka tafi da katinka. Ka ɗauki mai shagon a rana, ka ɗauke shi a cikin shago, ka ɗauki yaro shina tafiya, ka ɗora a waya ka buɗa har ka ga gashin gira. In ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka saka kuɗinka aljihu ka fita.

Mun koma da ta ɗan yayana, mai shagon ya nuna muna rubutun da ke bango, abin da aka saya ba a mayarwa. Tana nan bisa kanta a ɗakin uwarshi, ƙannenshi na wasan biki da ita. Shi kuma ya ari wayata zai je ya roƙi maƙwabcinmu ya bari a sake ɗaukar jaririyar da kakarta, ko da ba ranar suna ba ce.