Takardar wuta da ta ruwa: layin biya ko wayar salula?

Da zarar wata ya ƙare, magana ɗaya ce a gidaje daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai: takardar wuta ta zo, ta ruwa na tafe. A Amurka da Faransa, gardamar da ake yi ita ce a aika cek ta gidan waya ko a biya ta intanet. Mu a nan gidan waya ba ya kawo wasiƙa ƙofar gida, ma'aikacin kamfani ne ke kawo takarda da hannunsa. Don haka tambayarmu ita ce: mu je mu yi layi a ofishin NIGELEC ko na NDE, kamfanin da ya karɓi aikin ruwa daga SEEN a farkon 2024, ko mu biya ta salula?

Amfanin salula a fili yake. Wanda ke da Airtel Money ko MyNita yana iya biya daga shagonsa, ba kuɗin kabu-kabu, ba rufe shago rabin yini, ba tsayuwa cikin ranar watan Afrilu. Ɗan da ke aiki a Yamai yana iya biya wa mahaifiyarsa da ke Tasawa, kuma ya tabbata kuɗin wuta wuta aka biya da su. Ba mu manta ba da wahalar da aka sha bayan takunkumin CEDEAO na 2023, lokacin da fitar da tsabar kuɗi daga banki ya zama aiki. Tun daga nan mutane da dama suka saba da tura kuɗi ta waya.

To me ya sa har yanzu layi bai ƙare ba? Wasu na cewa rashin wayewa ne. Mu ba mu yarda ba. Dattijon da ke tara takardunsa cikin leda yana da hujja.

Ta farko, shaida. Takarda mai hatimi abu ce da ake nuna wa mai yanke wuta a ƙofar gida, ya gani ya juya. Saƙon SMS kuwa yana iya gogewa, wayar na iya ɓacewa, ko rezo ya tsinke bayan an cire kuɗi kafin saƙon ya iso. A ranar da hakan ta faru, talaka zai shiga tsakanin kamfani biyu, na waya da na wuta, yana neman wanda zai saurare shi.

Ta biyu, gidajen haya. Gida ɗaya, ɗaki shida, na'urar auna wuta ɗaya. Ana raba kuɗin bisa yawan ƙwan lantarki, fanka da firij na kowa. Takardar ce ake ajiyewa a tsakar gida kowa ya duba. Idan lissafin ya koma cikin wayar mutum ɗaya, zargi ya samu ƙofar shiga.

Ta uku, lissafi. Mu da dala muke ƙirga, waya kuma da faran take rubutu. Dala ɗaya faran 5 ce, jaka ɗaya faran 1.000. Wanda aka ce wa ɗari biyar, 2.500 zai danna, ba 500 ba. Ga wanda bai yi boko ba, kuma umarnin wayar cikin Faransanci yake, dole ya miƙa wa wani ya taimaka masa. Daga nan lambar sirri ta daina zama sirri. 'Yan damfara masu kira suna cewa daga kamfani suke, wannan ƙofa suke bi.

Sai dai ko mun so ko mun ƙi, tafiyar ta riga ta nufi waya. Na'urorin da ake sayen wuta kafin a sha suna ƙaruwa a birane, kuma mai irin wannan na'ura ba takarda yake jira ba, lamba yake saye ya danna. Abin da ya rage shi ne kada a bar kowa a baya.

Ga abin da muke ganin ya dace. Kamfanonin wuta da ruwa su faɗa a fili, a rediyo, cewa lambar shaidar biya ta waya daidai take da takarda mai hatimi, kuma su sanar da ma'aikatansu masu yanka. Kamfanonin waya da na tura kuɗi su nuna ladan da za su cire kafin mutum ya danna, su kuma sa umarni cikin Hausa da Zabarmanci. Hukumar ARCEP da babban bankin BCEAO, masu sa ido kan sadarwa da kuɗin waya, su tsaya kan wa'adin mayar da kuɗin da suka maƙale. Kuma kada a rufe wuraren biya da hannu.

Ku kuma masu bibiyarmu, in kun biya ta waya, ku rubuta lambar shaidar a bayan takardar watan, ku ajiye. Kada ku jira ranar ƙarshe, don rezo ba ya alkawari. Lambar sirri kuwa, ko wa ya kira, kada ku ba shi.