Zauren Anti: Motar Gado Da Lambar Inji

Yau wasiƙar da na ɗauko ba ta soyayya ba ce, amma wallahi ta taɓa mini zuciya. Wata ƙanwarku ce 'yar makaranta ta rubuto daga Yelwan Yauri, ta ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ita ce kaɗai abin da za a sayar a raba gado. Motar ta yi wata takwas a garejin wani makanike, da ta dawo sai Innarsu ta ce ita fa ba kukan injin Malam take ji ba. Ta ce, "Anti, mu mata ne, yaya za mu gane ko an sauya mana inji?"

Allah Sarki ƙanwata! Da farko dai kada ki tuhumi kowa, domin zato zunubi ne. Amma gani ya kori ji, kuma dubawar ba ta fi ƙarfinki ba.

Ita 504 a 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, shekarar da aka gama madatsar Kainji, sannan kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. Kin ga ke nan tsohuwa ce mai daraja, kuma masu neman irinta sun fi biyan kuɗi idan injinta na asali ne.

To ki buɗe akwatin Baba ki ɗauko takardun motar, za ki ga lambobi biyu: lambar shasi da lambar inji. Ki sa yayanki ko kawunki ya ɗaga bonet da rana tsaka, injin ya huce, a goge baƙin mai da tsumma da kananzir. Lambar inji a jikin ƙarfen bulok ake buga ta. Ki ɗora farar takarda a kai ki goga fensir, lambar za ta fito, sai ki gwada da ta takarda harafi bayan harafi. Idan kin ga wurin ya yi santsi kamar an kankare, ko lambobin sun karkace wata sama wata ƙasa, to da magana.

Bayan wannan akwai shaidar kwanan wata. Sau da yawa masana'anta kan bar alamar lokacin da aka zuba ƙarfen a jikinsa, kuma tsofaffin makanikan Fijo sun iya karanta ta. Hankali kawai za ki sa: ai ɗa ba ya girmi ubansa. Inji ana zuba shi kafin a haɗa mota, don haka motar 1982 ba za ta fito da bulok ɗin 1990 ba. Wannan dubawa ku nemi wani makanike daban ya yi ta, ba wanda motar ta kwana a wurinsa ba.

Sai dai ki sani, sauya inji ba laifi ba ne. Fijo da yawa da suka sha hanyar Yauri zuwa Kontagora an sa musu injin Kwatano, wataƙila ma Baba da kansa ya sauya tun yana raye. Don haka ki binciki akwatin ko akwai rasit, ki tambayi abokansa na tasha. Idan lamba ta saɓa kuma babu rasit, kada ku sayar, don kada inji ya zama na sata ku shiga uku. Ku kai maganar ga manyan gida, sannan ofishin masu duba motoci na VIO.

Ku kuma ƙannena na Ngaski da Shanga da iyayenku ke da jirgin ruwa, injinsa ma yana da lamba a ɗan faranti a jikinsa. Ku rubuta ta a littafi tun yau ku adana.

Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya tsare dukiyar marayu. Ki rubuto mini abin da kika gani.

Taku har kullum,
Anti