Gero Kaɗai Ba Ya Riƙe Tsuntsun Keji

A garuruwan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da wuya a ratsa unguwa ba a ji kukan tantabaru ba, ko a ga kanari rataye a keji a bakin shago. Wasu gidajen ma har da aku ko tsirya. Sai dai abincin mafi yawan tsuntsayen nan bai wuce gero da dawa da ruwa ba, safe da yamma. Wannan kuskure ne, domin ƙoshi daban, lafiya daban.

Dalili kuwa shi ne, gero da dawa suna ba da ƙarfi, amma sun gaza wajen bitamin A da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Idan tsuntsu ya daɗe yana rashin bitamin A, fatar da ta lulluɓe cikin bakinsa da hanyar numfashinsa takan lalace. Sai a ga yana atishawa, idanu sun kumbura, gashi ya dushe. Rashin kalsiyam kuma yakan sa mace ta yi ƙwai mai laushin ɓawo, ko ƙwan ya maƙale mata. Aku ma har faɗuwa yakan yi yana shure-shure, a ce iska ce ta taɓa shi.

Mai kiwo zai iya cewa, ai tsuntsun daji ma tsaba yake ci. Gaskiya ne, amma na daji yana haɗawa da ɗanyen tsiro da 'ya'yan itace da ƙwari, ga kuma hasken rana. Na keji kuwa, abin da aka zuba masa shi ne iyakar rabonsa.

Abin sha'awa, maganin yana nan a ƙofar gida. Ganyen zogale da kabewa da karas da gwanda da mangwaro duk suna ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Alayyafo ma yana da amfani, amma kaɗan-kaɗan, domin yawansa yana rage wa jiki cin moriyar kalsiyam. Tantabaru suna bukatar a gauraya musu hatsi da wake, a ajiye musu 'yar tsakuwa. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka shi ma tushen kalsiyam ne mai araha. Idan tsuntsu ya ƙi sabon abinci, kada a fid da rai. A yanka ƙanana a cuɗa da geron da ya saba ci.

Amma fa ba duk abin marmari ne alheri ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jini. Goro da shayi suna firgita zuciyar tsuntsu, fiya kuma tana iya kashe shi. Kayan lambu daga fadama sai an wanke su sosai saboda maganin feshi, irin shuka da aka cuɗa da magani kuwa guba ne tsantsa.

Gyaɗa ta cancanci jan kunne na musamman, musamman a yankin da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya riƙa kwasar ta zuwa kudu. A shekarar 1960, talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Birazil. Binciken wannan annoba ne ya gano gubar afalatoksin, wadda funfuna ke fitarwa, take kuma cin hanta. Saboda haka, gyaɗar da mutum ya tsince ya ƙi ci, bai kamata a watsa wa tsuntsu ita ba.

A ƙarshe, wanda ya tsare tsuntsu a keji ya ɗauki amana. Sanannen hadisin nan na matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha ya ishi mai hankali gargaɗi. Wanda ba zai iya tsinko ganyen zogale domin kanarinsa ba, gara tun farko ya bar shi a dawa.