Jirgin Santambul da Hukuncin Mutum Goma Sha Biyu

A shekarar 1934, wadda a cikinta aka buga Ruwan Bagaja, littafin da Malam Abubakar Imam ya rubuta yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, wata Baturiyar Ingila mai suna Agatha Christie ta fitar da labarin binciken kisan kai da ta kira Murder on the Orient Express, wanda aka mai da shi fim a 1974, Kenneth Branagh kuma ya sake yin sa a 2017. Tun da yake fim ɗin na biyu ya iso wayoyinmu da akwatunan talabijin ɗinmu, har nan Ƙofar Sauri a Katsina, ya kamata magidanta su san abin da ya ƙunsa kafin su zauna kallonsa da iyali bayan sallar lisha.

Al'adar maigida a wannan zamani, in ya kunna fim, ita ce ya riƙe rimot a hannu yana dakon tsiraici ko rawa, da ya hango su ya tsallake, in bai gani ba kuwa sai ya sake jiki, ya ɗauka fim ɗin ya tsarkaka. A bisa wannan mizani fim ɗin ya kusa tsira, domin matafiyan suna cikin sutura ta kamala saboda sanyi, jinin da aka nuna kaɗan ne, ko da yake akwai shan giya, akwai kuma inda wata dattijuwa ta ɗora bindiga a kanta da nufin halaka kanta. Hukumar tantance fina-finai ta Amurka ta ja hankalin iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba, ta Ingila ta sa iyaka a 12 sai in da babba.

Amma fa abin lura yana ƙarshen ƙissar. Jirgin ƙasa ya taso daga Santambul, dusar ƙanƙara ta tsai da shi a hanya, aka wayi gari wani attajiri yana kwance matacce da sukan wuƙa goma sha biyu a jikinsa, sai mai binciken nan ɗan ƙasar Beljiyam, Hercule Poirot, ya bi diddigi da hujja da ƙiyasi, har ya gano cewa mamacin shi ne ya taɓa sace wata ƙaramar yarinya, ya karɓi kuɗin fansa, ya kashe ta, ya kuɓuce wa shari'a, kuma makusantanta ne su goma sha biyu suka haɗa baki, kowa ya soke shi sau ɗaya. Da gaskiya ta bayyana, sai aka bar wa 'yan sanda labarin ƙarya, wai wani baƙo ne ya shigo ya yi kisan ya tsere, mai kallo kuwa ya tashi zuciyarsa tana tare da masu wuƙa.

Yaron da ya tashi a Katsina, wanda ya ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar Ƙanƙara a watan Disambar 2020, ba ya bukatar a fassara masa kuɗin fansa, saboda haka darasin da ake tsoron ya ɗauka shi ne cewa in hukuma ta gaza, jama'a ta zama alƙalin kanta. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun bai wa waliyyan jini haƙƙin neman ƙisasi, ko karɓar diyya, ko yin afuwa, amma zartar da hukunci sun bar shi a hannun shugaba bayan an tabbatar da laifi a gaban alƙali, domin in kowane mai ɓacin rai ya zare wuƙarsa bisa zato, wanda bai ji ba bai gani ba shi zai fara faɗuwa. Mai littafi ta tabbatar mana da laifin mamacinta saboda alƙalami yana hannunta. Taron da ke ihun ɓarawo a kasuwa ba shi da wannan yaƙini. Mun kuma ga yadda babbar kotun Kano, a watan Yulin 2022, ta yanke hukuncin kisa a kan wanda ya sace yarinya 'yar shekara biyar ya kashe ta, bayan an saurari shaidu a bainar jama'a.

Ra'ayina shi ne kada a nuna wa ƙananan yara wannan fim, waɗanda suka balaga kuwa a bar su su gani, da sharaɗin uba ko uwa na zaune, domin akwai fa'ida a ga yadda Poirot ke ƙin gaggawa, yana auna maganar kowane shaida da ta ɗan'uwansa. In an gama, maigida ya tambayi 'ya'yansa ko abin da mutanen nan goma sha biyu suka aikata ya halatta, ya saurari amsarsu, sa'an nan ya faɗa musu abin da shari'a ta ce.