Alhassan Yusuf

Alhassan Yusuf Abdullahi (an haife shi a Kano ranar 18 ga watan Yuli, 2000) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan Najeriya da ke buga tsakiya. Ya fara wasan ƙwararru a ƙungiyar IFK Göteborg ta ƙasar Suwidin, ya wuce Royal Antwerp ta Beljiyam a shekarar 2021, sannan ya koma New England Revolution ta Amurka a shekarar 2024. Yana cikin tawagar Super Eagles da ta zo ta biyu a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024. Tarihinsa misali ne na yadda ƙaramar gasa a arewacin Turai ke buɗe wa yaron Arewacin Najeriya ƙofa, da kuma inda wannan hanya kan tsaya.

Zuwansa Suwidin

Alhassan ya isa birnin Göteborg a shekarar 2018, wato shekarar da ya cika 18. Dokar hukumar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya kai wannan shekara, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe, don haka yawancin yaran Afirka ta Yamma da ke shiga Turai ta halastacciyar hanya sukan sa hannu ne da zarar sun cika 18.

IFK Göteborg ba ƙaramar ƙungiya ba ce a tarihi. Ta ci gasar ƙasarta sau 18, ta kuma ɗauki kofin UEFA a 1982 da 1987. Sai dai a lokacin da Alhassan ya zo ƙarfinta ya ragu, kuɗi sun yi mata ƙaranci, kuma mai horarwa Poya Asbaghi yana gina tawagarsa ne da matasa. Wannan rauni na ƙungiyar shi ya zama rabon yaron Kano. Da a ce wata babbar ƙungiya ta Ingila ko Sifen ta ɗauke shi, da wuya ya wuce wasannin 'yan ƙasa da shekara 21. A Göteborg kuwa, zuwa kakar 2019 ya zama cikin waɗanda ake fara wasa da su, yana karawa da manyan 'yan wasa mako bayan mako. A watan Yulin 2020 ƙungiyar ta doke Malmö FF da ci 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, ta ɗauki kofin ƙasar Suwidin, wanda shi ne kofinsa na farko a Turai.

Dalilin da ya sa ake bi ta Suwidin

Gasar Allsvenskan tana da ƙungiyoyi 16, ana kuma buga ta daga bazarar Turai zuwa watan Nuwamba, saboda tsananin sanyin ƙasar. Lokacin hunturu na wasan hoki ne da ake yi a kan ƙanƙara. Ƙungiyoyinta ba za su iya gogayya da na Ingila ko Jamus wajen albashi ba, don haka da yawansu suna rayuwa ne da sayen matashi da araha, su ba shi fili, su sayar da shi da riba bayan kaka biyu ko uku. Ingila kuwa tana da tsarin maki na izinin aiki wanda ke duba wasannin da mutum ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito, abin da yaron da ya taso daga makarantar ƙwallo a Kano ba shi da shi.

Maƙwabtan Suwidin ma haka suke. John Mikel Obi da Odion Ighalo sun bi ta ƙungiyar Lyn ta Norwe, Victor Boniface ya bi ta Bodø/Glimt, shi kuwa Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Akara inda Hausa ke cikin harsunan yau da kullum, ya fara ne a Nordsjælland ta Danmak kafin Ajax ta saye shi.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kai ba. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar unguwa tana samun rabonta ne kawai idan akwai rajistar da ke nuna yaron ya yi wasa a wurinta. Ga masu horar da yara a filayen Kano da Katsina da Zariya, takardar rajista tana da muhimmanci kusan kamar atisayen kansa.

Antwerp

A Beljiyam ne ya kai ƙololuwar abin da ya yi a matakin ƙungiya zuwa yanzu. A kakar 2022 zuwa 2023, ƙarƙashin Mark van Bommel, Royal Antwerp ta ci kofin ƙasa, sannan ta lashe gasar lig a karon farko tun 1957, da ƙwallon da Toby Alderweireld ya ci a mintunan ƙarshe a gidan Genk. Hakan ya kai ta Gasar Zakarun Turai, a rukuni ɗaya da Barcelona da Porto da Shakhtar Donetsk. A watan Oktoban 2023 Alhassan ya ci Porto ƙwallon farko a wasan, kodayake an tashi Porto na da 4 Antwerp na da 1.

Salon wasansa

Ba ƙaton mutum ba ne. Ƙarfinsa yana wajen gudu ba gajiya, matsa wa mai riƙe da ƙwallo, ƙwato ta, da sakin ta da wuri. Ba ya cikin masu yawan cin ƙwallo, kuma irin wannan shiga da zafi takan jawo keta a wurin da bai dace ba. 'Yan Najeriya sun ga fuskokin biyu a cikin wata ɗaya.

Super Eagles

Ba ya cikin jerin ƙarshe da José Peseiro ya fitar don gasar Kwaddibuwa. An kira shi ne bayan Wilfred Ndidi ya ji rauni, kuma da shi aka fara wasan farko da Ikwatoriyal Gini a Abijan ranar 14 ga Janairu, 2024, wanda aka tashi 1 da 1. Ya yi ƙoƙari a wasan kafin a fitar da shi da rauni. A wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu a Buwake ranar 7 ga Fabrairu ya shigo canji, kuma ketar da ya yi wa Percy Tau a cikin da'irar gidan Najeriya ce ta sa alƙalin wasa, bayan ya duba na'urar VAR, ya soke ƙwallon Victor Osimhen ya ba Afirka ta Kudu fenareti. Najeriya ta tsira a bugun daga kai sai mai tsaron gida da ci 4 da 2, sannan mai masauƙin baƙi ta doke ta 2 da 1 a wasan ƙarshe.

Komawa Amurka

A watan Agustan 2024, yana da shekara 24, ya bar Antwerp zuwa New England Revolution da ke gasar MLS. Wannan ne matakin da ya fi jawo muhawara a tafiyarsa. Bisa al'ada, wanda ya haskaka a Beljiyam kan nufi Jamus ko Faransa ko Ingila, kamar yadda Ndidi ya tashi daga Genk zuwa Leicester City a 2017, Boniface kuma daga Union Saint-Gilloise zuwa Bayer Leverkusen a 2023. MLS tana ba ɗan wasa kwanciyar hankali da damar buga wasa a kai a kai, amma tana nesa da idon masu zaɓen 'yan wasan ƙasa, ba ta cikin gasannin Turai, kuma kakarta tana ƙarewa kafin ƙarshen shekara. Ƙungiyar tasa ba ta kai zagayen fitar da gwani ba a 2024 da 2025.

A tsakiyar filin Super Eagles kuwa gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa: Ndidi, Alex Iwobi, Frank Onyeka da Raphael Onyedika duk a Turai suke wasa, kuma tun watan Janairun 2025 Éric Chelle ne ke zaɓe, ba Peseiro ba. Komawa Turai daga MLS abu ne mai yiwuwa, domin Miguel Almirón ya tashi daga Atlanta United zuwa Newcastle a 2019 yana da shekara 24. Alhassan kuwa a wannan shekarar ya shiga gasar, kuma ƙungiyoyin Turai sun fi kashe kuɗi a kan wanda za su iya sake sayarwa.