Ɗakin Wa Ake Nufi?

Faransawa sun daɗe suna cewa a sha jar giyar inabi a "zafin ɗaki". Ɗakin da suke nufi kuwa na tsofaffin gidajen dutse ne, wanda da ƙyar yake wuce digiri 18. Ajiya ta fi son sanyi: kogunan alli na birnin Reims, inda shamfen ke shafe shekaru, suna tsakanin digiri 10 da 12, bazara da hunturu. Kwalbar da ta jima a digiri 30 ɗanɗanonta ya soma lalacewa.

Kalmar tana ɓatar da mutane, lamba ya kamata a riƙa rubutawa. Ko wanda bai taɓa kusantar giya ba abin ya shafe shi, domin irin wannan umarni na kan wasu kwalayen magani da ake ajiyewa a shagunan Sakkwato cikin Afrilu.